Baba Taya Uku da Hannun Ɗana

“Mama, wancan tsohon mahaukaci ne?”

Da ƙarfi ɗana ya faɗa, har da nuni da yatsa, muna kan hanyar makaranta da safe. Na kaɗe masa hannu, na zare masa ido. Ina! Yaro ɗan shekara shida ba a rufe masa baki da harara.

“To ai ga shi babba yana wasa da mota shi kaɗai. Ba shi da waya ne?”

Tsohon ya ji sarai. Yana durƙushe a gefen titi, yana tura wata motar gwangwani gaba da baya, ya karkata kai yana sauraron ƙararta. Na fara ba shi haƙuri. Ya ɗago yana dariya.

“Ƙyale shi, ’yata. Duk layin nan haka suke cewa a zuci, shi kaɗai ne ya yi ƙarfin halin faɗa.”

Wannan tsohon nake so in jinjina wa yau, tun yana da rai, tun kunnensa zai iya ji in an karanta masa. Kowa Baba Taya Uku yake ce masa.

Wurin aikinsa ƙarƙashin matakalar wani bene ne mai shaguna, wurin da in dogon mutum ya miƙe sai ya bugi kai. A damarsa mai ɗinki ce, a hagunsa wani saurayi mai gyaran waya. Duk ya riga su zuwa. Zai share gabansa, ya fito da wani benci da ya rage wa ƙafafu da gangan domin yara, sannan ya zazzage buhunsa: gwangwanayen madara, murafen kwalba, tsofaffin silifa, guntayen katako daga wurin kafinta, siraran ƙarafan tayar keke, ƙyallayen da mai ɗinki ta tara masa. Kowane gwangwani sai ya wanke shi da sabulu. In ya yanka, sai ya lanƙwashe bakin, ya daddake da ’yar guduma, sannan ya goga shi a cikin wuyan hannunsa, inda fata ta fi laushi. In ya ji ko ɗan kaifi, ya sake. Ni uwa ce mai tsoron tsatsa da yanka, kuma wannan gogawar ce ta fara kwantar mini da hankali a kansa.

In mota ta haɗu, sai ya durƙusa a gefen titi ya gwada ta. Abin da ɗana ya gani ke nan. Idan ta tafi sumul ba ta karkata ba, sai ya cire taya ɗaya ya jefa cikin wani tsohon gwangwanin fenti, ya jera motar a kan katako da ƙafa uku.

Haka yake sayarwa. Taya ta huɗu ba a ba uwa, ba a ba uba, ba a ba ɗan aike. Yaron da za a saya wa shi zai zo da ƙafarsa, ya zauna a benci, ya zaɓi taya, ya tura ta a jikin ƙarfe, ya naɗe bakin da siririyar robar tif ɗin keke, ya cusa wutsiyar robar a ƙarƙashin naɗin ƙarshe ya ja. ’Yar tsana ma haka, hannu ɗaya ne ba ta da shi sai mai ita ta zo ta ɗaura. Jirgin sama kuwa ba farfela. Tun yana saurayi a kan haka yake, bai taɓa sauyawa ba.

Ni dai da farko wucewa kawai nake, mu gaisa. Abin da ya kai ni wurinsa ba sha’awar kayan zamanin da ba ce. Malamar ajin ɗana ce ta aiko in zo.

Ta zaunar da ni a kan ’yar kujerar yara, ta kira shi, ta miƙa masa fensir. Ya dunƙule shi a tafin hannu kamar mai riƙe muciya. Ta gyara masa yatsu, fensir ya zame. Ta sake gyarawa, ya sake zamewa. Da ya daure ya ja layi biyu sai ya fara yarfa hannu yana cewa zafi.

“Maman yara,” in ji malamar, “kansa lafiya lau. Ya san baƙaƙe, ya san ƙirga, har ya fi wasu. Yatsun ne ba su da ƙarfi. Kuma ba shi kaɗai ba ne, kowace shekara ƙaruwa suke. Ajin gaba rubutu ne daga safe har tashi. In zangon nan ya ƙare bai riƙe fensir ba, gara ya maimaita da a kai shi inda zai tsani makaranta.”

Na yi mata sallama na fito. Maimaita aji ba mutuwa ba ce, na sani. Amma na san ɗana. Akwai abokinsa da suke zama benci ɗaya tun ranar farko, in wancan ya wuce aka bar shi, ban san da wane baki zan lallashe shi ba.

Babansa ya ce, “Yaron da yake buɗe waya tun bai iya magana ba za a ce hannunsa bai iya ba? Zamani ne ya zo da haka.” Gaskiyarsa ta wani ɓangaren. Ɗan yatsa ɗaya na ɗana gwani ne, shi ke shafa fuskar waya sama da ƙasa. Sauran tara ɗin ne ’yan rakiya.

Na gwada abin da na iya. Na zaunar da shi rubutu da yamma, ya ƙare da kuka, nasa da nawa. Na sayo kayan wasan roba masu launi, ya juya su, ya danna ko’ina, da ya ga ba su yi ƙara ba ya tura su ƙarƙashin gado. Ina ba mai ɗinki labari, ran da na kai mata wandonsa na makaranta, sai ta cire allura daga bakinta ta nuna mini ƙarƙashin matakala da haɓa.

“Kai shi wurin Baba. Amma ki ɗaure zuciyarki, don ke ma sai ya yi miki faɗa.”

Ran da muka je, yana hango mu ya ce, “A’a, ga Likita! Wanda ya gano ciwona tun daga nesa. Zo ka zauna, Likita.” Sunan ya bi ɗana har yau.

Ya zaɓi wata jar mota mai buɗaɗɗen baya. Ya juya ta, ya ɓata fuska.

“Kaka, ta lalace. Ba taya.”

“Ga tayoyi can cikin gwangwani. Mai mota ke sa wa motarsa.”

Tura tayar ma sai da ya yi gumi. Da aka zo naɗin roba kuwa, abin ya gagara. Ya naɗa, ta warware. Ya naɗa, ta tsalle ta make shi a yatsa. Ina tsaye a kansa, ina ganin inda yake kuskure, abu ne da zan gama kafin a ƙifta ido. Ban san sanda na sunkuya ba.

“’Yata,” Baba bai ko ɗago ba, “mayar da hannunki inda yake.”

“Baba, ɗan riƙe masa kawai zan yi.”

“Na sani. Duk haka kuke cewa. Je ki taya mai ɗinki hira.”

Ban kai ƙofar shagon ba na ji ƙara. Ɗana ya yi jifa da motar, ya faɗi ƙasa yana birgima, yana ihun a ba shi waya. Mutane suka tsaya kallo. Kunya ta ishe ni, na ce a raina ba za mu sake zuwa ba. Baba ya ɗauki motar, ya busa ƙurar jikinta, ya miƙar da inda ta loɓa.

“Likita, motarka tana nan. Ba zan ba kowa ba. Amma fa a ƙafa uku za ta kwana.”

Washegari da za mu wuce, ga jar motar a gaba-gaba, tana kallon titi, an tokare gefenta da kwalin ashana. Ɗana ya kawar da kai. A rana ta biyu ya saci kallo. Ana nan, wata safiya ya ja mini zane ya ce ƙasa-ƙasa, “Mama, ba ta gajiya da tsayuwa a haka?”

Muka koma. Na kafa doka a gida: ba waya sai an je benci an dawo. Ba zan ce muku dokar ta tafi lami lafiya ba. An yi kuka, an yi yajin cin abinci, an kai ƙarata wurin babansa. Akwai yammacin da na ji kamar in miƙa masa wayar in huta, ga wanki, ga girki, ga ciwon kai. Duk uwar da ta ce ba ta san wannan gajiyar ba, a bincike ta.

Zaman jiran da nake yi a shagon mai ɗinki shi ya sanar da ni ko wane ne Baba. Ita ta ba ni labarin wata mata da ta tsaya da mota, ta ce a kwashe mata duk abin da ke kan katakon, za ta jera a falo don ado, amma a sa musu tayoyin. Baba ya tambaye ta ina yaran. Ta ce yaranta ba sa wasa da irin waɗannan. Ya ce to ta yi haƙuri.

“Ranar har rigima muka yi,” in ji mai ɗinki. “Na ce Baba, rabonka da ciniki tun yaushe? Ya ce shi ba ya ƙera abin da za a riƙa goge wa ƙura.”

Na ce wannan ai taurin kai ne. Ta ce in tsaya in ji. Akwai wani yaro da ya karye a cinya, aka kwantar da shi asibiti, an ɗaure ƙafar sama. Uwarsa ta zo tana roƙo a sa tayar, tun da yaron ba zai iya zuwa ba. Baba ya ce a’a. Matar ta tafi tana share hawaye. Da azahar sai ya tattara kayansa, ya bar wa mai ɗinki jiran wuri, ya sa mota da gwangwanin tayoyi a jaka, ya shiga motar haya har asibitin. A kan ƙirjin yaron aka ɗora faranti, a nan ya ɗaura tayarsa. Uwar da kanta ta dawo ta ba da labari, ta ce tun da aka kwantar da shi ranar ce ya fara neman abinci da bakinsa.

Na kuma ga wani da idona. Wani ƙaton direban babbar mota, furfura ta fara fito masa a gemu, ya tsaya ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba. Ya ce da ni, “Hajiya, tayar farko da na ɗaura a duniya a kan bencin nan ne. Sau nawa ta cire, Baba?” Baba ya ce, “Kai ai ka fi kowa kuka.” Direban ya yi dariya. Ya ce ya kawo nasa ’ya’yan sau ɗaya, ko sauka daga mota ba su yi ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bencin. Da an tashi daga makaranta yara sukan cika shi, har da tsaye. Wanda bai sani ba sai ya ce Baba ya yi kasuwa. Amma duk bayansu suke ba shi. Sun gano cewa daga kan bencin ana hango cikin shagon mai gyaran waya, inda ake kunna katun da gem don gwaji. Haka za su jeru, baki buɗe, ga motoci da jirage a bayan ƙeyarsu, ba mai waiwayowa. Baba ba ya korarsu. In rana ta karkato ma sai ya matsar musu da bencin cikin inuwa.

Mai gyaran wayar yaron kirki ne, shi ke jawo wa Baba fitila in wurin ya yi duhu. Kullum cikin tsokana suke.

“Baba, ka ba ni motocin nan in sa musu batir da ’yar fitila, wallahi kafin la’asar sun ƙare.”

“In ka sa mata batir ita za ta yi wasan, yaron ya zauna kallo. Masu kallo ai ka tara mana, ga su nan.”

A tsakiyar masu kallon nan ɗana yake zama, shi kaɗai ya juyo ta wannan ɓangaren, harshe a waje, yana kokawa da roba. Wani lokaci ƙarar katun ta ja shi ya waiwaya, sai Baba ya ce, “Likita, marar lafiyarka na jira.” Ina lura daga nesa. Cusa wutsiyar robar nan ba ya yiwuwa sai an matse ta tsakanin babban yatsa da manuni, na tsakiya ya tokare. Sai na gane. Riƙon da malama take ta gyara masa ke nan. Na gaya wa Baba, ina zumuɗi.

“Ni ban san fensir ba, ’yata,” ya ce. “Taya na sani.”

Ran da ta ɗauru, ɗaurin ya yi muni. Roba ta taru gefe ɗaya, taya ta karkace, mota na tafiya tana ɗingishi. Na zaci Baba zai gyara. Ya karɓa, ya duba, ya miƙa masa da hannu biyu.

“Allah ya tsare hanya, direba.”

Ba mu kai kwanar gidanmu ba tayar ta fice, ta gangara bakin kwata. Na tsaya ina jiran birgima. Ɗana ya bi ta da gudu, ya goge ta a jikin rigarsa, ya zauna daɓas a ƙasa. Na sunkuya. Ya kare motar da kafaɗa.

“Mama, mayar da hannunki.”

Na mayar. Na juya baya don kada ya ga fuskata.

Daga nan ya yi jirgi, ya yi wata motar, ya ɗaura wa ’yar tsanar ’yar maƙwabta hannu bayan ya sa ta gwada da kanta har ta gaji. Kada in yi muku ƙarya, bai daina son waya ba. Har gobe in ya ji ƙararta sai kunnensa ya motsa. Kuma duk wannan lokacin ban san ko abin zai isa ba, ga ƙarshen zango yana matsowa. Kowace yamma sai in duba yatsunsa kamar mai duba shuka.

Da malama ta sake kirana, na tafi, ta kira ɗana. Ta miƙa masa fensir. Ya riƙe da yatsu uku. Ya rubuta layi guda, baƙaƙen suna hawa suna gangara, wasu sun kwanta. Ta daɗe tana kallo.

“Rubutun kam sai a hankali,” ta ce. “Amma riƙon ya zauna. Zan bar shi ya wuce, da sharaɗin kada a saki abin da ake yi a gida. In aka saki, zai koma.”

Kai tsaye na wuce ƙarƙashin matakala in yi albishir. Na tarar da wata mata tana ɗaure kayan Baba a buhu. ’Yarsa ce. Idonsa ya yi rauni, ta ce, ya yanki kansa har sau biyu a ’yan kwanakin nan, kuma ba wani ciniki da zai sa a bar tsoho yana wahala. Za ta tafi da shi wurinta in wata ya ƙare. Mai gyaran waya zai faɗaɗa shagonsa zuwa wurin. Shi kansa saurayin kansa a ƙasa yake da ana maganar.

Na juya ga Baba da ke zaune a gefe, na ce, “Baba, ba wanda ka koya wa?”

“Na koya wa da yawa. Wani direba ne, wani kafinta, wata tana ɗinki. Ba wanda zai zauna jiran yaran da ba sa zuwa, kuma ban ga laifinsu ba.” Sai ya tambaya, “Likita fa?” Na ce ya wuce. Ya ce, “Madalla. Ki ce masa robar in ta tsufa tana tsinkewa, ya riƙa canzawa.”

Baba, kai ne ka sayar da abu bai cika ba, don yaro ya cika shi. Kai ne ka iya kallon yaro yana kuka a kan aiki ba ka karɓe masa ba, abin da mu iyaye muka kasa saboda so. Kai ne aka juya wa baya a kan bencinka, ka matsar da shi inuwa. Baba Taya Uku, gwanin jira. Ba a taɓa kiranka taro an miƙa maka takardar yabo ba, kuma na san da an kira ka cewa za ka yi wa zai jire maka wuri. Na gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa idonka haske, ya sa ’yarka ta ji daɗin zama da kai.

Ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Ina da ’yar goye, ko zama ba ta gama iyawa ba, amma in waya ta yi haske sai ta miƙa hannu tana ƙugi. Lokacin da za ta kai shekarun benci, wurin ya zama shagon waya. Na roƙi Baba ya nuna mini yadda ake yanka taya daga silifa, na kuma ce wa mai ɗinki ta riƙa ajiye mini ƙyalle. Nawa ba zai yi kyau kamar nasa ba. Abin da ya fi wuya ma ba yankan ba ne, riƙe hannuna ne.

Ke uwa, kai uba, in akwai irin wannan tsohon ko tsohuwar a layinku, ku kai yaranku yanzu, ba bayan hutu ba, don irinsu tattara kaya suke. In babu, ku zama shi. Yau ɗin nan ku karɓi wayar, ku miƙa wa yaro lemo ya ɓare da kansa, ko rigarsa ya ɓalle maɓallanta, ku koma gefe ku zuba ido. In ya iya, ku gode wa Allah. In kuka ga yatsun suna ta zamewa, ya ɗago yana kallonku ku karɓa, kada ku karɓa, kuma kada ku ce zai iya in ya girma. Hannun da ba a ba aiki ba girma kawai yake yi, ba ya koyon komai.